Eduard Henoch: Likitan da ya gano alaƙar tabon jini a fatar yara da ciwon ciki

A shekarar 1874, wani likitan yara a birnin Berlin na ƙasar Jamus ya wallafa bayani kan wasu yara huɗu masu alamomi iri ɗaya: ɗigon jini a ƙarƙashin fata, ciwon gaɓoɓi, murɗawar ciki da bayan gida mai jini. Likitan, Eduard Heinrich Henoch, ya nuna cewa duk alamomin na cuta guda ne.

An haifi Henoch a Berlin a 1820. Ya yi karatu a hannun Johann Lukas Schönlein, wanda tun 1837 ya lura cewa irin wannan tabo kan zo tare da ciwon gaɓoɓi. Daga nan ya yi aiki a ƙarƙashin kawunsa Moritz Romberg, fitaccen likitan jijiyoyi.

Daga 1872 zuwa 1893, shi ne shugaban sashen yara na asibitin Charité. Littafinsa kan cututtukan yara, wanda ya fito a 1881, ya yi fice har aka fassara shi zuwa Turanci. Daga baya ya ja hankalin likitoci cewa cutar kan taɓa ƙoda. Ya rasu a birnin Dresden a 1910 yana da shekara 90.

An daɗe ana kiran cutar Henoch-Schönlein, don tunawa da malami da ɗalibinsa. Yanzu an san cewa wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IgA ne ke taruwa a ƙananan hanyoyin jini, su kumbura, jini ya tsattsafo. Takan biyo bayan mura ko ciwon maƙogwaro, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Tabon ya fi fitowa a ƙafafu da ɗuwawu, kuma ba ya ɓacewa idan an danna shi. Duk yaron da aka ga haka a jikinsa, a garzaya da shi asibiti, domin sanƙarau ma kan zo da irin wannan tabo.

Akasarin yara kan warke cikin 'yan makonni. Sai dai ƙoda na iya lalacewa a ɓoye bayan fata ta washe, shi ya sa likitoci ke ci gaba da gwada fitsarin yaro da auna jininsa ko ya hau, har tsawon watanni.