Likita William Withering, Wanda Ya Sa Wa Maganin Zuciya Awo

An haifi William Withering a garin Wellington na ƙasar Ingila cikin shekarar 1741. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara, ya gama a 1766, sa'an nan ya kama aiki a Stafford. Matar da ya aura mai zanen furanni ce, shi kuwa wajen tsinko mata su ya kamu da son ilmin tsirrai.

Cikin 1775, shekarar da ya koma Birmingham, aka nemi ra'ayinsa game da wani haɗin gargajiya na wata tsohuwa, wanda ke warkar da ciwon kumburin jiki. Tsirrai wajen 20 ne a ciki, amma ya gane ɗaya ne kaɗai ke aikin, watau tsiron da likitoci ke kira dijitalis.

To, a nan wahalar take. Tsiron nan dafi ne, kuma tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kisa tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Shi kansa da farko yakan ba da fiye da kima. Shekara goma ya yi yana gwaji, yana rubuta labarin kowane majinyaci, har da waɗanda suka mutu a hannunsa, abin da ba kowane likita ke yarda ya bayyana ba. Ya tsayar da cewa a tsinki ganyen dab da fitar fure, a shanya, a daka, a ba babban mutum abin da ya kama daga miligiram 65 zuwa 195 a awon yau, sau biyu a yini. Da zarar fitsari ya yawaita, ko amai ko zawo ya taso, ko bugun jini ya ja baya, sai a dakata. Ya kuma lura wanda maganin ya yi wa yawa yakan ga abubuwa sun koma rawaya ko kore.

Littafinsa ya fito a 1785, ɗauke da labarin majinyata fiye da 150. A 1930 aka tace digozin daga wani jinsin tsiron, kuma har yau ana koya wa ɗaliban aikin jinya su ƙirga bugun zuciya na minti guda cur kafin su ba da shi. In bai kai 60 ba ga babban mutum, su tsaya su sanar da likita.

Ciwon huhu ya daɗe yana cinsa, ya rasu a watan Oktoba na 1799. An sassaƙa furen dijitalis a kan dutsen tunawa da shi a Edgbaston.