Nicolas Leblanc, Likitan Da Ya Fitar Da Kanwa Daga Gishiri

A Olelewa, kamar ko'ina cikin Damargu, kanwa ba baƙuwa ba ce. Uwargida tana jefa ta cikin wake don ya nuna da wuri, makiyayi yana ba raƙumansa, fatake kuwa sun daɗe suna ɗauko ta daga tafkunan Manga da Muniyo. Mu Allah ya ajiye mana ita a ƙasa. Faransa ba ta sami wannan rabo ba. Masu dafa sabulu da masu narka gilashi na can, da tsada suke sayen tokar wasu tsire-tsire na bakin teku daga Sifaniya, don su tace sinadarin nan da ke cikin kanwa, wanda Turawa ke kira soda. Wanda ya raba su da wannan wahala shi ne Nicolas Leblanc.

An haife shi ran 6 ga watan Disamba 1742 a ƙauyen Ivoy-le-Pré. Yana yaro ƙarami ubansa ya rasu, wani likita aminin gidansu ya riƙe shi. Ya koyi aikin fiɗa a Paris, a 1780 kuma ya zama likitan gidan wani babban ɗan sarauta, wanda aka sani da Duc d'Orléans. A nan ya sami sukunin yin bincike.

A lokacin, majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta sa lada ga duk wanda ya iya fitar da soda daga gishiri. Ga yadda Leblanc ya yi. Ya dafa gishiri da ruwan farar wuta mai ƙuna, irin wanda ake zubawa a batirin mota. Abin da ya saura ya gauraya shi da farar ƙasa da gawayi, ya gasa cikin tanderu mai tsananin zafi har ya zama baƙar toka. Sai ya jiƙa tokar, ya tace, ya ƙafar da ruwan, farar soda ta kwanta. Matan da ke tace toka don sabulu za su gane wannan mataki na ƙarshe.

A shekarar 1791 Faransa ta kafa dokar da ke ba mai ƙirƙira takardar mallakar fasaharsa, wadda ake kira brevet da Faransanci. A watan Satumba na shekarar Leblanc ya karɓi tasa, ta shekara 15: cikin wannan wa'adi ba mai yin aiki da dabararsa sai da yardarsa. Ubangidansa ya zuba kuɗi, aka gina masana'anta a Saint-Denis, kusa da Paris.

Amma takarda ba ta fi ƙarfin gwamnatin da ta sa mata hannu ba. Juyin juya hali ya yi zafi, a 1793 aka sare kan Duc d'Orléans, aka ƙwace dukiyarsa har da masana'antar. A 1794, da hujjar yaƙi, hukuma ta buga asirin dabarar kowa ya karanta. Ladar da aka yi alkawari kuwa bai taɓa riƙe ta a hannunsa ba. A zamanin Napoleon an mayar masa da masana'antar, amma ta lalace, ba shi da jarin tayar da ita, wasu kuma sun riga sun cika kasuwa da dabararsa. Talauci da baƙin ciki suka rufe shi, ran 16 ga watan Janairu 1806 ya harbe kansa.

Arzikin da ya kuɓuce masa Ingila ce ta fi kwasa. Daga 1823 James Muspratt ya soma sarrafa soda a Liverpool, sabulu ya yi araha har talaka ya iya saye. Sai dai hayaƙin masana'antun yana ƙone gonaki da itatuwa, har majalisar Ingila ta yi doka a kansa a 1863. A wannan shekarar ce wani ɗan Beljiyam, Ernest Solvay, ya kafa kamfaninsa da wata dabara mai araha da tsabta, wadda sannu a hankali ta rufe tanderun Leblanc ɗaya bayan ɗaya.