Jibo Bakari, mutumin da ya ce wa Degol a'a

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, kusa da Yamai, ƙauye ɗaya da ɗan'uwansa Diori Hamani. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya dawo gida ya zama mushen lakwal, kana ya shiga jam'iyyar RDA mai alamar giwa, har ya riƙe mata magatakarda.

A 1950 shugabannin RDA suka raba gari da 'yan kwaminis na Faransa don gwamnatin Paris ta daina kallonsu da mugun ido. Diori ya bi umurnin jam'iyya, Jibo ya ƙi. Ya koma cikin 'yan ƙwadago, ya kafa jam'iyyarsa a 1954, wadda duniya ta sani da sunan Sawaba, mai alamar raƙumi. Kalmar nan daga bakin 'yan NEPU na Kano ta ƙetaro. Direbobi, teloli, manoman gyaɗa, 'yan tireda da matan kasuwa na Maraɗi, Tasawa da Damagaram, su ne ƙarfinta. A 1956 ya zama magajin garin Yamai. A zaɓen 1957 shi da abokan ƙawancensa suka ci kujera 41 cikin 60, ya zama jagoran gwamnati.

Sai ga zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958. Janar Degol ya aza tambaya guda: ku zauna tare da Faransa, ko ku ɗauki 'yancinku nan take, taimako ya yanke. Jibo ya kira jama'a su jefa a'a, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gine.

Nan ne lissafinsa ya ɓaci. Ya ɗauka kujera 41 ɗin nan ƙuri'u ne da ke cikin aljihunsa, alhali da yawansu aro ne daga sarakuna. Faransa kuwa ba ta shirya sakin ƙasar da ke iyaka da Aljeriya ba, inda take yaƙi a lokacin. Ta turo sabon gwamna, Colombani, aka bi sarakuna da lallashi da barazana, suka juya. Manyan abokan ƙawancen Jibo su ma suka zame. Mai sayar da goro a Tasawa ko mai tuwo-tuwo a Tawa, da wuya a zaunar da su a yi musu bayanin abin da takardar ta ƙunsa. Ana tambayarsu dai: kai na giwa ne ko na raƙumi, kuma me sarki ya ce? Ƙuri'ar i ta samu kashi 78 cikin 100, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. Wannan shirun na masu zama gida, a ganina, ya fi sakamakon kansa magana.

Jibo ya sauka a watan Oktoba. A 1959 aka haramta Sawaba, ya tafi gudun hijira Mali, Gana da Gine. 'Yancin da ya nema ya zo ran 3 ga Agusta 1960, a hannun Diori, da yardar Paris.

A 1964 ya yarda aka shigo da samarin Sawaba da bindigogi, yana zaton talakawa za su tashi. Ba su tashi ba. Aka kashe wasu, aka cika gidajen kaso da wasu, har da waɗanda laifinsu kawai katin jam'iyya ne. Wannan nauyi ba a kan Diori kaɗai yake ba.

Ya dawo gida a 1974 bayan juyin mulkin Seyni Kunce, aka kama shi a 1975, ya yi shekaru a tsare. Da siyasar jam'iyyu ta dawo, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998.