Josephine Cochrane: Matar da bashi ya sa ta ƙera injin wanke kwanuka

A shekarar 1883, wata mata mai shekara 44 a garin Shelbyville da ke jihar Illinois ta Amurka ta wayi gari mijinta ya mutu, ya bar ta da tulin bashi. Kuɗin da ya bari bai taka kara ya karya ba, ita kuma ba ta yi karatun injiniya ba. Abin da ya rage mata kawai shi ne wata dabara da ta jima tana juyawa a ranta, wato injin da zai wanke kwanuka ba tare da ya fasa su ba.

Sunanta Josephine Cochrane, kuma ita ce ta ƙera injin wanke kwanuka na farko da ya samu karɓuwa a kasuwa.

Tangaran ɗin gado

An haife ta ranar 8 ga Maris ɗin 1839 a jihar Ohio, ta kuma tashi a jihar Indiana. Mahaifinta, John Garis, injiniya ne. A 1858 ta auri William Cochran, ɗan kasuwa kuma ɗan siyasa, ta tare a gidansa da ke Shelbyville.

Gidan nasu ba ya rabuwa da baƙi. Takan shirya liyafa, ta fito da farantan tangaran na gado waɗanda take ji da su ƙwarai. Sai ta lura cewa duk lokacin da 'yan aiki suka wanke su, sai an samu wanda bakinsa ya ɓantare. Ta karɓi wankin da kanta, ta ɗanɗana wahalarsa, daga nan ta soma tunanin hanyar da inji zai ɗauke wannan nauyi.

Da mijin ya mutu, dabarar ta tashi daga abin sha'awa ta koma hanyar neman abinci.

Yadda injin yake aiki

A wata rumfa da ke bayan gidanta ta soma aikin, tare da wani makaniki mai suna George Butters. Ta auna farantai da kofuna ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa kowane iri ragar waya daidai girmansa. Ana jera ragar a kan wata ƙafa mai juyawa da ke kwance cikin tukunyar tagulla, sai ruwan zafi mai sabulu ya riƙa feso wa kwanukan daga ƙasa.

Akwai waɗanda suka riga ta gwadawa. Tun a 1850 wani mai suna Joel Houghton ya yi rajistar injin katako, amma bai yi tasiri ba. Abin da ya bambanta nata shi ne ƙarfin feshin ruwa ke yin wankin, kwanukan kuma suna riƙe daram ba sa karo da juna.

Ranar 28 ga Disamban 1886 gwamnatin Amurka ta ba ta takardar mallakar fasahar.

Gidaje sun ƙi, otal-otal sun saya

Matan gida ta yi wa injin, amma ba su ne suka saya ba. Ya yi wa yawancin iyalai tsada, sannan gidajen wancan zamani ba su da tukunyar da za ta samar da ruwan zafin da yake sha.

Sai ta juya ga otal-otal da gidajen abinci, inda ake tara kwanuka ɗaruruwa a yini, fashewarsu kuma asara ce babba. Otal ɗin Palmer House da ke birnin Chicago na cikin waɗanda suka fara saya. Ta kuma je otal ɗin Sherman House ita kaɗai, a lokacin da ba a saba ganin mace irinta ta shiga irin wannan wuri ba tare da miji ko uba ba. Daga baya ta bayyana ratsa zauren otal ɗin a matsayin ɗaya daga cikin abubuwa mafiya wuya da ta taɓa yi. Ta fito da cinikin dala 800.

Masu zuba jari sun so ta miƙa ragamar kamfanin ga maza kafin su ba da kuɗi. Ta ƙi, duk da cewa hakan ya rage wa kasuwancin saurin bunƙasa.

Kakarta ta yanke saƙa a 1893, a gagarumin baje kolin duniya da aka yi a Chicago. Gidajen abincin wurin sun yi amfani da injinan nata, alƙalai kuma suka ba ta lambar yabo saboda ingancin ƙira da ƙarko. Daga nan asibitoci da makarantu suka soma saye, har ta buɗe masana'anta, Butters ya zama mai kula da aiki.

Abin da ba ta gani ba

Josephine Cochrane ta mutu a Chicago ranar 3 ga Agustan 1913, tana da shekara 74, injin nata bai shiga madafar gidajen talakawa ba.

A 1926 kamfanin Hobart ya sayi kamfaninta. A 1949 ya fitar da injin gida da sunan KitchenAid, kuma daga shekarun 1950 ne injin ya fara yaɗuwa a gidajen Amurka, bayan ruwan zafi ya wadata, sabulun da ya dace da shi ya samu.

A 2006 aka saka sunanta a zauren karrama masu ƙirƙira na Amurka, a 2013 kuma ƙasar Romaniya ta buga kan sarki da hotonta. Injinan da ake sayarwa a yau sun samu lantarki da na'urori iri-iri, amma har yanzu ragar waya ce ke riƙe kwanukan, feshin ruwan zafi kuma ke wanke su, kamar yadda ta tsara a rumfar bayan gidanta.