THOMAS TELFORD: ƊAN MAKIYAYIN DA YA ZAMA JAGORAN INJINIYOYI

Gabatarwa

A Jami'ar Heriot-Watt da ke birnin Edinbura na ƙasar Sikotlan akwai gidan adana kayan tarihi na Ƙungiyar Injiniyoyin Gine-gine ta Biritaniya, inda ake ajiye tsofaffin kayan awo da takardu da sauran kayan aikin magabatan wannan sana'a. A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu zan kawo tarihin shugaban ƙungiyar na farko, wato Thomas Telford, domin a ganina rayuwarsa ta nuna dalilin da ya sa ake adana irin waɗannan kaya.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Telford ranar 9 ga watan Agusta, 1757, a yankin Eskdale da ke kudancin Sikotlan. Mahaifinsa makiyayin tumaki ne, kuma ya rasu Telford yana jariri, don haka mahaifiyarsa ce ta raine shi cikin talauci. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon sassaƙar dutse. Bai shiga jami'a ba, amma ya riƙe karatun littattafai da kansa, har yana rubuta waƙoƙi. A 1782 ya tafi Landan neman aiki, sannan a 1787 aka naɗa shi mai kula da ayyukan gine-ginen hukuma a gundumar Shropshire.

Ayyukansa

A 1805 aka kammala gadar Pontcysyllte a Wales. Wannan gada ba ta mota ko keken doki ba ce: kwarmin ƙarfe ne cike da ruwa aka ɗora a kan ginshiƙan dutse, jiragen ruwa na wucewa ta cikinsa, mita 38 sama da kogin Dee. A 2009 UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Daga 1803 ya jagoranci aikin buɗe tsaunukan arewacin Sikotlan, inda aka shimfiɗa sababbin hanyoyi kimanin mil 920 tare da gadoji fiye da 1,000. Shi ne kuma ya tsara mashigin ruwa na Caledonian da aka buɗe a 1822. Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne gadar Menai, wadda ta haɗa tsibirin Anglesey da sauran Wales a 1826. An rataye ta ne da sarƙoƙin ƙarfe, tazarar tsakiyarta mita 176, kuma an ɗaga ta yadda jiragen ruwa masu dogayen filafilai za su wuce ta ƙarƙashi.

Shugabancinsa da Rasuwarsa

An kafa Ƙungiyar Injiniyoyin Gine-gine a 1818, Telford ya zama shugabanta a 1820, kuma a zamaninsa ta sami takardar amincewar sarauta a 1828. Ya rasu ranar 2 ga watan Satumba, 1834, aka binne shi a majami'ar Westminster. Bai taɓa aure ba. Cikin wasiyyarsa ya bar wa ƙungiyar littattafansa da zane-zanensa, da kuɗin da ake ba da lambar yabo mai sunansa, ya kuma ware wani kaso ga ɗakunan karatu biyu na yankinsu.

Kammalawa

Abin da na fi ɗauka a tarihin nan shi ne wasiyyar. Gada tana nuna mana abin da aka gina, amma zane da lissafi da wasiƙu ne ke bayyana yadda aka gina ta da dalilin zaɓen kowane ƙarfe. Telford ya koyi aikinsa ne da guduma a hannu da kuma littattafan da ya samu, shi ya sa bai yarda iliminsa ya bi shi kabari ba. Gidan adana kayan tarihin Edinbura yana ci gaba da wannan aiki ne, domin na baya su sami abin dubawa.