Wilhelm Röntgen (1845-1923): Masanin da Ya Gano Hasken Ɗaukar Hoton Ƙirji

An haifi Wilhelm Conrad Röntgen a garin Lennep na ƙasar Jamus ranar 27 ga Maris, 1845. Mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne. Yana da shekara uku suka yi ƙaura zuwa Holan, inda ya tashi.

Karatunsa bai zo da sauƙi ba. A makarantar fasaha ta Utrecht wani ɗalibi ya zana surar wani malami don ba'a, aka ɗora wa Röntgen laifin, aka kore shi ba takardar shaida. Hukunci ne na gaggawa, irin wanda ya kamata mai shirin zama malami ya yi wa kallon tsanaki, domin saura ƙiris ya toshe wa yaron hanyar jami'a. Sai a Zurich ta ƙasar Suwizalan ya sami shiga a 1865, ya kuma sami digirin digirgir a 1869.

Ranar 8 ga Nuwamba, 1895, yana farfesan kimiyyar fiziks a Jami'ar Würzburg, ya tura lantarki cikin wani bututun gilashi da ya lulluɓe da baƙin kwali. Sai ya ga wani allo mai shafen sinadari yana ƙyalli daga nesa. Ya fahimci cewa wani haske ne da ido ba ya gani, wanda ke ratsa kwali da katako da tsoka, amma ƙashi ya tare shi. Da yake bai san asalinsa ba, ya laƙaba masa harafin X. A watan Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa, Anna Bertha, ƙasusuwa da zobe suka fito.

A kan wannan bambanci na ratsawa aka gina karatun hoton ƙirji. Huhu mai lafiya cike yake da iska, saboda haka yakan fito baƙi. Haƙarƙari da zuciya su fito fari. Idan likita ya ga rami a saman huhu, zai yi zargin tarin fuka. Idan kusurwar ƙasan huhu ta dushe, alamar ruwa ce. Faɗin zuciya kuwa, in ya zarce rabin faɗin ƙirji, kumburi ake tuhuma. A 1950 Benjamin Felson na Amurka ya bayyana cewa ɓacewar gefen zuciya a hoto tana nuna ciwon yana sashen huhun da ke manne da ita. Da waɗannan alamomi ake aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ba nisa da Bomo, da kuma cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye.

A 1901 ya zama mutum na farko da aka ba lambar yabo ta Nobel a fiziks, ya sadaukar da kuɗin ga Jami'ar Würzburg. Ya kuma ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano, don kowa ya amfana. Hauhawar farashin da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta cinye dukiyarsa. Ciwon dajin hanji ne ajalinsa, a birnin Munich, ranar 10 ga Fabrairu, 1923.