Richard Feynman: Masanin Da Ya Mai Da Lissafi Zane

An haifi Richard Feynman a birnin New York na Amurka ran 11 ga watan Mayu, 1918. Tun yana yaro yakan gyara wa maƙwabta rediyo. Ya sami digirin dokta a Jami'ar Princeton a 1942, shekarar da ya auri Arline, ko da yake ya san tana fama da tarin fuka. Ta rasu a 1945, lokacin da yake cikin masu ƙera bam ɗin ƙare-dangi a Los Alamos.

Bayan yaƙi ya duƙufa kan sha'anin haske da ƙwayar lantarki. Duk direban babbar mota ya san in aka taka birki ƙarfen yakan ɗauki zafi, domin ƙarfin gudu ba ya ɓata, sai dai ya sake kama. Haka ita ma ƙwayar lantarki, in ta sheƙo ta gifta kusa da cibiyar zarra, sai ta karkace, gudunta ya ragu, ƙarfin da ta rasa ya fita ya zama haske. Yawancin hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti ta haka yake samuwa.

A da, lissafin irin wannan yakan cinye wa masana watanni. Sai Feynman ya fito da zane: miƙaƙƙen layi shi ne ƙwayar lantarki, mai lanƙwashe-lanƙwashe kuwa haske ne, mahaɗarsu ita ce inda aka saki hasken ko aka haɗiye shi. Ƙwayar tana iya sakin hasken kafin karkacewa ko bayanta, saboda haka zane biyu ake yi, a haɗa lissafinsu. Amma fa zanen ba hoton hanyar da ƙwayar ta bi ba ne. Kowane layi yana tsaye ne a madadin wani yanki na lissafi.

Da ya nuna zanen a taron masana a 1948, manya irin su Niels Bohr ba su gamsu ba. Sai a 1949 Freeman Dyson ya tabbatar da ingancinsa. A 1965 aka ba Feynman kyautar Nobel tare da Schwinger da Tomonaga.

Ciwon daji ya yi ajalinsa a Los Angeles ran 15 ga Fabrairu, 1988. Har yau da zanen nan nasa masana fannin suke aiki.